Kafin Bakaniken Birnin Gwari Ya Sayi Akwati Mai Taya

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 ne Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, bayan shekarun da ta kwashe a rufe saboda ta'adin 'yan bindigar daji. Masu sharhi sun yi ta magana a kan shanu da hatsi, da kuma ko sulhun da aka ƙulla zai ɗore. Akwai wani ɓangare da ba a cika waiwaya ba, wato cewa duk motar da ta dawo kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da lalurorinta take dawowa. Taya za ta fashe, birki zai ƙi kamawa, inji zai yi zafi. Inda mota da babur suka yawaita, bakanike da mai faci da mai walda sun sami abin yi. Mai sana'ar da ya fara farfaɗowa kuwa, abin da yake fara lissafawa shi ne kayan aiki da wurin da zai adana su.

A nan ne akwatin kayan aiki mai taya yake shigowa. Ana ganinsa a shagunan masu sayar da kayan ƙarfe na Kaduna da Kano, ana kuma ganinsa a hotunan garejin Turai da Amurka da ke yawo a wayoyi: dogo, ja ko shuɗi, da durowoyi jere ɗaya bisa ɗaya, yana tsaye a kan ƙananan tayoyi huɗu. Kowane matashin bakanike ya gan shi sai ya yi sha'awarsa, kuma sha'awar tana da dalili. Sai dai nagartar irin wannan akwati ba a jikinsa kaɗai take ba. Rabinta tana jikin ƙarfensa, rabinta kuwa tana ga ƙasar da zai taka da aikin da za a sa shi. Wanda ya duba ta farko ya manta da ta biyu yana iya sayen akwati mai kyau ƙwarai, ya kuma tafka asara.

Abin da akwatin yake ɗauke da shi

Bakanike ba shi da rumbu, ba shi da garke. Jarinsa shi ne sifanoninsa da filaya da guduma da jak da sauran ƙananan ƙarafan da ya tara ɗaya bayan ɗaya tun yana yaron gareji. Wasu maigidansa ne ya ba shi ranar da ya yaye shi, wasu kuwa ya saya da kuɗin aikin farko. Ranar da sifana mai lamba 10 ko 12 ta ɓace, aikin babur ya tsaya ke nan har sai an aro ta maƙwabci. Ranar da aka kwashe kayan gaba ɗaya, mutum ya koma ɗan kallo a sana'ar da ya ƙware a kanta.

Kanikawan wannan yanki sun san haka fiye da kowa. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako-mako a ƙananan hukumomin Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Igabi da Kajuru, ta hana sayar da fetur a jarka. Wata guda bayan haka ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya a wasu sassa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da waɗannan matakai, abu ne a fili cewa mai gyaran babur ba ya samun aiki a garin da babur ba ya yawo. A irin wannan hali, kayan aiki su ne abin da mai sana'a yake ɗagawa ya sayar in yunwa ta matsa. Da aka zo sake saye kuwa, kasuwa ta riga ta sauya. Kafin watan Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Duk abin da aka shigo da shi daga waje ya bi ta. Saboda haka kuɗin da bakanike zai zuba a akwati kuɗi ne da ya hana kansa sayen wasu kayan aikin da su, kuma kuskure a wannan ciniki ba ya gyaruwa cikin wata ɗaya ko biyu.

Inda aka haifi akwatin

Akwati mai taya ɗan masana'anta ne. Kamfanoni irin su Snap-on, wanda aka kafa a 1920 a jihar Wiskonsin ta Amurka, sun bunƙasa ne tare da garejin da aka daɓe da siminti, aka shafe shi sumul, aka rufe shi da rufi da bango. A irin wannan wuri mota tana tsaye, bakanike yana tura akwatinsa da hannu ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya taɓa shiga masana'antar harhaɗa motocin Peugeot da aka buɗe a Kakuri ta Kaduna a 1975, ko wani babban garejin dillalan motoci, ya ga yanayin da aka ƙera akwatin dominsa.

Garejin bakin hanya a Birnin Gwari ko Kuyello ko Dogon Dawa wani abu ne daban. Galibi inuwar bishiya ce ko rumfar kwano, ƙasa kuwa jar marmara ce da tsakuwa, wadda ta sha baƙin mai ta daskare a wani wuri, ta zaizaye a wani. Damina takan ɗauki wata biyar zuwa shida tana mayar da ita taɓo, hunturu ya zo ya lulluɓe komai da ƙura. Aikin ma ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. Hanyar da ta taso daga Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 120, ta ratsa Buruku da Udawa kafin ta iso gari, sa'an nan ta zarce Tegina da Mokwa da Jebba har Legas. Tirela ba ta zaɓar ƙofar gareji kafin ta lalace. A ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku kuwa akwai injinan niƙa da na ban-ruwa da na masu haƙar zinariya, waɗanda ba a kawo su gari, sai dai a ɗauki bakanike a babur a kai shi inda suke. Wannan ita ce jarrabawar da akwatin zai zauna, kuma da ita ya kamata a auna shi.

A fara daga ƙasa

Mai saye yakan fara jan durowa ne, alhali taya ya kamata ya fara durƙusawa ya duba. Akwatuna masu araha sukan zo da taya mai faɗin santimita 7 da rabi, na ƙwararru kuwa sukan kai santimita 12 da rabi. Bambancin ya fi yadda ido yake nunawa. In taya ta ci karo da dutse mai tsayin santimita 2, lissafi ya nuna cewa ƙaramar tana buƙatar turi da ya kusa ninki biyu na nauyin da ke kanta kafin ta haye. Babbar tana buƙatar turi daidai da nauyin da ke kanta. Tayar baro kuwa, mai faɗin wajen santimita 40, rabin nauyin ya ishe ta. Wannan ne dalilin da ya sa mai kurar ruwa yake ratsa lungu da jarkoki cike, alhali akwatin da bai kai nauyin kurarsa ba yana cijewa a kan tsakuwa guda.

In taya ta cije mutum ya ci gaba da turawa, ƙarfin ba ya tafiya a banza. Yana komawa ne ga wurin da aka ɗaure tayar da gindin akwati, kuma nan ne yawancin akwatuna suke fara mutuwa. Saboda haka sai a kwantar da akwatin a leƙa ƙarƙashinsa. In an ɗaure tayar da kusoshi huɗu masu noti a kan wani ƙarfe mai kauri da aka shimfiɗa daga wannan gefe zuwa wancan, alama ce ta gari. In kuwa a jikin siririn faifan gindin aka huda aka ɗaure ta, to ranar da aka cika akwatin aka tura shi kan marmara, faifan zai lotsa, tayar ta karkace. A duba kuma ko biyu daga cikin tayoyin suna da birki, domin filin gareji ba ya rasa gangara.

Kaurin ƙarfe da nauyinsa

Fenti yana ɓoye kaurin ƙarfe, masu ƙera kuma sukan naɗe bakin faifan domin ya yi ƙarfi, ya kuma daina yanka, abin da kan sa siriri ya yi kama da mai kauri. Akwai tarko na biyu a cikin lambar da ake kira geji, domin ita a juye take tafiya: yadda lambar ta ƙaru, haka ƙarfen yake sirancewa. Geji 16 yana wajen milimita 1 da rabi, geji 18 wajen milimita 1.2, geji 22 kuwa bai cika milimita 0.8 ba. Mai shagon da ya ce akwatinsa geji 22 ne, ya fi na maƙwabcinsa mai geji 18, ko dai bai sani ba ko kuwa yana fatan mai saye bai sani ba.

Ɗan wannan bambanci yana da girma, saboda juriyar faifan ƙarfe ga lanƙwasa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa, tsere masa take yi. In aka ninka kauri sau biyu, juriyar takan ninku sau takwas. Faifai mai milimita 1.2 ya fi mai milimita 0.8 juriya fiye da sau uku, ko da yake da rabi kawai ya fi shi kauri. Wanda ya sami ma'aunin kauri irin na masu gyaran inji sai ya auna a bakin wata huda ko a gefen da ba a naɗe ba. Wanda bai samu ba yana da sikeli. Faifan ƙarfe mai faɗin murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita ɗaya yana da nauyin kilo 7.85, kuma wannan ba ya sauyawa ko a wace ƙasa aka narka shi. A ƙaddara akwati ya ci murabba'in mita 6 na faifai, jiki da durowoyi. In da mai milimita 0.8 aka yi shi, faifan zai yi wajen kilo 38. In da mai milimita 1.2 ne, zai haura kilo 56. Akwatuna biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi ƙarfe. Sikelin mai sayen hatsi ya isa ya raba wannan gardama.

Akwai gwaji guda da ya fi dacewa da ƙasar Birnin Gwari. A sa ɗan dutse ko guntun katako a ƙarƙashin taya ɗaya, yadda akwatin zai tsaya a karkace kamar yadda zai riƙa tsayawa kullum a gareji, sa'an nan a ja durowoyin ɗaya bayan ɗaya. Akwatin da jikinsa yake da ƙarfi ba zai nuna ya san an yi ba. Mai rauni zai murɗe, durowar da take sulɓi ɗazu ta fara cijewa, wata ma ta ƙi rufuwa. A daɓen shago ba za a taɓa ganin wannan aibi ba, domin daɓen ne yake riƙe da akwatin a miƙe.

Durowa da ƙurar hunturu

Durowar zamani tana gudu ne a kan dogayen ƙarafa biyu masu ƙananan ƙwallayen boris a ciki. Kamfanoni da yawa sukan rubuta cewa kowace durowa tana ɗaukar fam 100, wato wajen kilo 45. Ko da lambar gaskiya ce, a kan shimfiɗaɗɗen daɓe aka auna ta, akwatin yana tsaye cik. Durowar da babu komai a cikinta kuwa kowace iri ce sulɓi take yi. Gwajin gaskiya shi ne a ɗora mata nauyi, kamar batirin mota ɗaya ko biyu, a jawo ta har ƙarshe, a danna bakinta da tafin hannu a ga ko za ta sunkuya, a kaɗa ta hagu da dama a ji ko tana rawa. A lura kuma ko tana fitowa gaba ɗaya, domin durowar da take tsayawa a kashi biyu cikin uku tana mayar da bayanta maƙabartar ƙananan kaya.

Abin da takardar kamfani ba ta ambata shi ne ƙura. Boris yana son giris, giris kuwa yana kama ƙura, su biyun in sun haɗu sai su zama wani abu mai kama da dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙarfen a hankali duk lokacin da aka ja durowar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a rumfar da ba ta da bango, wannan ba abin da za a kauce masa ba ne. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko durowar tana cirewa gaba ɗaya. Masu kyau suna da ɗan harshe a kowane gefe wanda ake dannawa a zare durowar, a wanke ƙarafan da kalanzir, a sake shafa musu mai. Wadda ba ta cirewa, kwanakin sulɓinta ƙidayayyu ne. Hasali ma tsohuwar dabara, wadda durowa take zamewa ƙarfe bisa ƙarfe ba tare da boris ba, ta fi jure ƙura, ko da yake ta fi wuyar ja in ta yi nauyi.

Dogon akwati yana da wani haɗarin. In aka buɗe durowoyi biyu ko uku masu nauyi lokaci guda, nauyin yakan koma gaba, akwatin ya kifo kan wanda ke tsaye a gabansa. A gareji kuwa wanda ya fi tsayawa a gaban akwati shi ne ƙaramin yaron da aka aika ya ɗauko sifana. Wasu akwatunan suna da makarin da ke hana buɗe durowa ta biyu sai an rufe ta farko. In babu shi, a tabbata manyan durowoyi masu zurfi suna ƙasa, gindin kuma yana da faɗi. Gajeren akwati mai faɗi ya fi dogo siriri aminci a ƙasar da ba ta daidaita ba.

Kulle da ɗauka

Makullin da yake zuwa da irin waɗannan akwatuna an yi shi ne domin hana abokin aiki ɗaukar kaya ba izini, a cikin ginin da ake rufewa da dare. Ƙarfen cire taya guda ya isa ya ɓalle shi. Bakaniken da yake barin kayansa a rumfa ko a shagon kwano yana buƙatar sanda ta ƙarfe da za ta gitta gaban durowoyin duka, da wurin rataya kwaɗo, da kuma zoben da za a zura sarƙa a ɗaure akwatin a jikin ginshiƙi. Tayoyin da suke sauƙaƙa wa mai akwati turi, haka suke sauƙaƙa wa ɓarawo.

Ɗauka kuwa ta fi kulle muhimmanci a wannan yanki. Akwatin da ya cika da kaya yana iya haura kilo 100, ba ya hawa babur, ba ya shiga bayan ƙaramar mota sai da taron mutane. Mafi dacewa shi ne mai hawa biyu, wanda samansa yake rabuwa da ƙasansa, yana da hannuwa biyu masu ƙarfi, mutum ɗaya zai iya ɗaga shi ya ɗaure a bayan babur. Da shi ake zuwa wurin motar da ta mutu a hanya, da shi ake shiga ƙauye. Shekarun da suka wuce kuma sun koya wa mutanen ƙasar Birnin Gwari wani darasi mai ɗaci, cewa akwai ranar da mutum yakan bar wurin sana'arsa ba shiri. Kowa yana roƙon Allah kada irin wannan rana ta dawo. Duk da haka, jarin da za a iya ɗauka cikin 'yan mintuna ya fi wanda sai an nemo mota kwanciyar hankali.

Na Panteka da na kanti

Mai karatu yana iya cewa, in haka ne, a bar na waje a koma wurin mai walda. Akwai gaskiya a ciki. Kasuwar Panteka ta Kaduna ta daɗe tana ƙera ƙofofi da tankuna da injinan niƙa da akwatunan ƙarfe, haka ma maƙeran Kano da na cikin garin Birnin Gwari. Mai walda zai yi akwati daidai da girman da aka faɗa masa, ya ɗora shi kan tayar baro ko ta babur, ya sa masa wurin kwaɗo. In wani abu ya ɓalle, an san inda za a same shi.

Sai dai kishin na gida ba ya mayar da siririn ƙarfe mai kauri. Wani mai waldar yakan karɓi kuɗin sabon faifai ya yi aiki da tsohuwar ganga ko ragowar wani aikin. Waldar wuta irin ta sanda tana huda faifan da bai kai milimita ɗaya ba, sai a cike hudar a bi ta da fenti. Wani yakan ɗiga walda nan da can a inda ya kamata a ja ta a miƙe, wani kuma ya fesa fenti a kan tsatsa ba tare da ya goge ya shimfiɗa jan fentin da ke hana ta ba, damina ɗaya ta tona asirin. Durowa kuwa ita ce inda injin masana'anta ya fi hannu, domin lanƙwasa faifai goma su fito daidai wa daida aiki ne da guduma ba ta iya yi. Masu goyon bayan akwatin kanti suna da hujja mai ƙarfi a nan. Durowoyi marasa zurfi, kowane ƙarfe da gurbinsa, suna sa a gane abin da ya ɓace tun kafin mai mota ya tafi da shi a cikin injinsa, suna kuma rage lokacin da ake ɓatawa ana tonon adaka. Mai mota ma yakan fi sakin jiki da bakaniken da kayansa suke a tsare.

Babbar falalar mai walda ita ce ana iya ganin aikinsa kafin fenti. Mai saye zai iya zuwa da kansa a sayi faifan a gabansa, ya dawo ya duba waldar tana tsirara, sa'an nan ya ba da izinin fenti. Wanda ya bar wannan dama ya zo ya karɓi akwati fentacce ya watsar da abin da ya sa na gida ya fi. Ga wanda yake da hali kuwa, hanyar da ta fi ita ce a haɗa biyun: a sayi saman akwati mai durowoyi daga kanti bayan an gwada shi, a kai wa mai walda ya yi masa gindi na ƙarfe mai kusurwa da manyan tayoyi biyu da ƙafafu biyu, kamar baro. Wanda kuma ya ƙudurta sai cikakken akwati mai ƙananan tayoyi, to ya fara daɓe filin aikinsa da siminti. Daɓe kafin akwati, ba akwati kafin daɓe ba.

Akwatunan hannu da ake shigowa da su daga Turai suna da nasu hukuncin. Sau da yawa ƙarfensu ya fi na sababbi masu araha kauri, amma sai a bi jikinsu da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa sosai, akwai yiwuwar an cike lotsawa ko ramin tsatsa da ƙullun gyaran jikin mota an fente. A duba kusurwoyin gindi, nan ruwa yake kwanciya.

Haƙƙin gani kafin biya

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna buƙatar abu ɗaya, wato mai shago ya yarda a buɗe kwali, a kwantar da akwati, a ɗora masa nauyi. Wanda ya ƙi, ya riga ya ba da amsa. Fikihun Malikiyya, wanda ɗaliban ƙasar Hausa suke karantawa a babin ciniki na Risala da littattafan da ke gaba da ita, ya ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Amma aibin da ya gani ya yarda da shi, ba shi da ta cewa a kansa daga baya. Hukuncin ya ɗora wa mai sayarwa nauyin bayyanawa, ya kuma bar wa mai saye nauyin buɗe ido. A aikace ma, mutumin da ya sayi akwati a Kaduna ya biya kuɗin mota ya kai shi Birnin Gwari, da wuya ya sake biyan wani kuɗin ya mayar da shi saboda durowa tana cijewa. Saye ta hoton waya kuwa, ba tare da wani amintacce ya taɓa kayan da hannunsa ba, cinikin biri a sama ne. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, amma babu takardar hukuma da za ta faɗa wa mutum ko wannan taya za ta ratsa filin garejinsa.

Akwai abin da ƙungiyoyi za su iya yi da kuɗi kaɗan. Reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA, ko ƙungiyar masu gyaran babur ta gari, zai iya mallakar ma'aunin kauri guda da duk ɗan ƙungiyar da zai je sayayya zai ara, a kuma haɗa shi da dattijon da ya san ƙarfe. Hukumomi da 'yan siyasar da suke raba wa matasa kayan sana'a su ma ya kamata su sa bakanike na gaske a cikin masu zaɓen kayan, domin akwatin da ya yi kyau a hoton ranar rabo yana iya zama wurin kwanan kaji kafin shekara ta zagayo.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Abin da ya rage shi ne a san mene ne nagarin a wurin da mutum yake. A Birnin Gwari, shi ne akwatin da ƙarfensa ya kai milimita 1.2 ko ya kusa, wanda bai murɗe ba da aka ɗaga masa ƙafa ɗaya, wanda durowarsa take cirewa a wanke, wanda yake karɓar kwaɗo da sarƙa, wanda samansa yake hawa babur, tayarsa kuma ta fi tsakuwar garejin girma nesa ba kusa ba. Duba waɗannan duka ba zai ɗauki rabin awa ba, kuɗin da ake shirin biya kuwa na watanni ne.